Wane Kifi Zai Zauna Da Wane? Zaɓen Kifin Ado Don Akwatin Lita 160 A Sanyin Jos

Mai sayar da kifin ado yana iya zuba maka kala goma a leda ɗaya, duk su iso gida da rai. Wannan bai nuna za su zauna tare ba. A shago kifayen 'yan watanni ne, a cunkushe suke, babu wanda ya samu sararin da zai ce nan nawa ne, kuma kafin hali ya fito an sayar da su. Sai bayan wata uku a falonka za ka ga mai cizon jelar wani, da wanda ya girma ya fara haɗiye maƙwabta, da wanda sanyi ke kayarwa duk hunturu.

Akwatin gilashin da za mu yi lissafi a kansa shi ne mai tsawon santimita 90, faɗi 40, tsayi 45. A lissafi lita 162 ke nan, amma idan ka cire yashi da duwatsu da ɗan sararin da ake bari a sama, ruwan da kifi zai zauna ciki bai wuce lita 135 zuwa 140 ba. Da wannan adadin ake ƙirga kifi, ba da wanda aka rubuta a kwali ba. Nauyinsa a cike ya kusa kilo 200, wato buhun siminti huɗu, saboda haka ba kowane teburin falo ne zai ɗauke shi ba. Wanda nasa lita 120 ne ya rage kifi, mai 200 ya ƙara. Kuma tsakanin akwati dogo da akwati mai tsayi, dogon ya fi ɗaukar kifi, domin ta saman ruwa iska ke shiga, kuma kifi a kwance yake iyo, ba a tsaye ba.

Ma'aunin zafi kafin kifi

Jos tana bisa tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma a Disamba da Janairu sanyin dare kan sauka zuwa digiri 12 ko ƙasa da haka. Yawancin kifin ado kuwa asalinsu kogunan Amazon ne da na kudu maso gabashin Asiya, inda suka saba da ruwa mai digiri 24 zuwa 27. Mutumin Abuja zafin Maris da Afrilu ne ke damunsa, yana neman yadda ruwa ba zai haura 30 ba. Mutumin Bukuru ko Rayfield matsalarsa akasin haka ce. Shi ya sa shawarar da ta yi wa ɗan'uwanka aiki a Kubwa tana iya kashe maka kifi a Tudun Wada.

Hita mai wat 150 zuwa 200 tana riƙe akwati irin wannan a digiri 25, in akwai wuta. Nan gizo ke saƙa. Idan aka ɗauke wuta da dare aka dawo da ita da hantsi, ruwa zai sauka ya hau, ya sauka ya hau, kwana da kwanaki. Kifi ya fi jure sanyi mai ɗorewa a kan wannan hawa da sauka, kuma a irin wannan lokaci ne cutar farin ɗigo ke ɓulla, ka ga jikin kifi kamar an barbaɗa masa gishiri, yana goga jikinsa da dutse. Don haka tun kafin ka sayi ko kifi ɗaya, cika akwatin, ka liƙa ma'aunin zafi, ka riƙa dubawa da asuba da kuma la'asar, mako biyu. Abin da ka gani da asuba shi zai yanke maka hukuncin rukunin da za ka zaɓa. In da hali a yi wannan gwajin a cikin hunturu.

Sai ruwan kansa. Akwai ruwa mai ma'adini, wanda sabulu ba ya saurin kumfa a cikinsa, mai barin farin ɓawo a gindin butar shayi, akwai kuma mai laushi. Ruwan da ya ratso duwatsu irin na Filato yawanci mai laushi ne, amma rijiya da rijiya sun bambanta, burtsatse da burtsatse ma haka, don haka a auna. Akwai 'yar takardar gwaji da ake tsomawa a ruwa ta nuna pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, da yawan ma'adini. Idan pH ya tsaya tsakanin 6 da 7, tetira da rasbora za su ji daɗi. Idan ya kai 7.5 zuwa 8, ruwan gupi da filati da moli ne. Ya fi sauƙi ka zaɓi kifin da ya dace da ruwanka da ka ce za ka riƙa sauya ruwan da magani kowane mako. Ruwan famfo kuma yana da kulorin, sai an ɗiga masa maganin cire shi kafin ya shiga akwati. Ruwan kududdufan tsohuwar haƙar kuza kada ma a fara.

Rukunin masu jure sanyi

Ga gidan da ba shi da sola ko inbata, wannan rukunin ne ya fi dacewa, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa saboda a shago ba shi da walƙiya.

Na farko shi ne ɗan kifin nan da masu sayarwa ke kira wayit kilawud, wato farin gajimare, sunan dutsen da aka fara samunsa kusa da birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Tsawonsa santimita 4 ne, yana da jar jela da zane mai ƙyalli a gefe, kuma yana rayuwa lafiya tsakanin digiri 15 da 22. Ba ya cizo, ba ya faɗa, iyakar rigimar mazansu su buɗe fukafukai su yi wa juna fankama su rabu. Na biyu daniyo mai zane irin na jakin dawa, ɗan asalin Indiya da Bangaladash, santimita 4 zuwa 5, mai son digiri 18 zuwa 25. Shi ba ya zama wuri ɗaya, daga safe har dare gudu yake a saman ruwa. Wannan gudun shi ne amfaninsa, shi ne kuma aibinsa: yana sa kifi mai tsoro ya fito daga maɓoya, amma yana riga kifi mai sanyin jiki cin abinci, kuma idan sun yi kaɗan, uku ko huɗu, sai su koma bin jelar wasu. Na uku korido mai ɗigo-ɗigo, ɗan ƙaramin dangin tarwaɗa daga kudancin Barazil da Ajantina, wanda ya saba da ruwa mai sanyi-sanyi fiye da sauran 'yan'uwansa.

Lissafin da ya dace da lita 140 shi ne wayit kilawud 12, daniyo 8, korido 6 zuwa 8. Mai son ƙarin launi ya sa filati nau'in bariyatus guda huɗu, domin shi ya fi filatin da aka saba gani jure sanyi, matuƙar ruwan ba mai laushi ainun ba ne. Ko da wannan rukunin yana da kyau a bar hita a ciki a saita ta a digiri 20, ta zama katanga kawai. Ba za ta riƙa ci wuta sosai ba, kuma daren da babu wuta tazarar da ruwan zai sauka ba ta da yawa. Inda rukunin ke da rauni shi ne bazara. Idan ɗakinka mai kwano ne marar silin, ruwa yana iya wuce digiri 26 a Maris, kuma wayit kilawud ba ya son daɗewa a haka. Maganin shi ne a nisanta akwatin da taga, a buɗe murfi kaɗan a sa raga, a bar fanka tana kaɗa saman ruwa.

A nan ne ake yawan tambayar golfish, tunda shi ma kifin sanyi ne. Gaskiya yanayin Filato ya karɓi danginsa, shi ya sa tun zamanin Turawa aka fara kiwon kifin kaf a gonar kifi ta Panyam. Amma golfish ba ɗan zaman tare ba ne a akwati irin wannan. Mai dogon jiki yana kai santimita 25 zuwa 30, mai ƙaton ciki da jela biyu yana kai 15 zuwa 20, yana ci ba ƙoshi, kashinsa ya ninka na ƙananan kifi, yana tumɓuke shuka, kuma duk abin da ya shiga bakinsa ya tafi. Lita 140 za ta riƙe masu jela biyu guda biyu, su kaɗai. Kifin koyi kuwa na tafki ne, ba na falo ba.

Rukunin ɗumi, ga mai wutar da ba ta yankewa

Wanda ke da sola mai ƙarfin riƙe hita cikin dare, ƙofa a buɗe take. A nan zaɓin farko shi ne garken tsakiya, kuma kifi uku ne ke takara.

Niyon tetira shi ya fi suna, ya fi araha, amma araha ba ta ado. Yawancin waɗanda ke isowa Jos sun sha doguwar tafiya a leda daga Legas, kuma niyon ba ya jure ruwan sabon akwati. Ka sayi 12, mako biyu ka ƙirga 7. Zafin da yake so digiri 21 zuwa 25 ne, ƙasa da yadda mutane ke zato. Kadinal tetira ya yi kama da shi, bambancin shi ne jan zanen kadinal ya ratsa jiki daga kai har jela, na niyon kuwa daga tsakiyar ciki yake farawa. Kadinal ya fi son ɗumi, 24 zuwa 28, ya fi tsada, kuma daren sanyi ɗaya ba wuta yana iya yi maka ɓarna. Na uku shi ne rasbora halikwin, ɗan Malesiya da Tailan da Sumatra, mai launin jan ƙarfe da baƙin tabo mai kusurwa uku a gefe. Bai kai su ƙyalli ba, amma ya fi su ƙashi, yana yarda da ruwa mai laushi da matsakaici, kuma faɗin jikinsa ya sa ba kowane baki ke iya haɗiye shi ba. Ga wanda wannan ne akwatinsa na farko, rasbora ya fi. Tetira a jira akwati ya yi wata uku ko huɗu yana aiki.

Kowanne ka zaɓa, ka sayi 12 na nau'i ɗaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne uku na wannan, uku na wancan, biyu na waccan, sai akwati ya zama zaman 'yan marina, kowa da inda ya fuskanta. Kifin garke idan ya rasa 'yan'uwa launinsa dishewa yake, ya maƙale a lungu, ko ya zama mai cizo.

Sai babban baƙo, kifin da ido zai fara sauka a kansa. Gurami iri-iri ne, kuma suna ɗaya bai sa halinsu ɗaya ba. Gurami mai launin zuma santimita 5 ne, mai kunya, ba ya taɓa kowa, ana sa namiji ɗaya da mata biyu. Gurami mai ɗigon lu'ulu'u yana kai 10 zuwa 12, yana da natsuwa, namiji ɗaya da mace ɗaya ko biyu sun isa wannan akwati, kuma a ganinmu shi ne mafi kyawun zaɓi in an same shi. Ɗan guntun gurami mai zanen ja da shuɗi, wanda ya fi cika shaguna, yana yawan zuwa da wata cutar bairos da ba ta da magani, sai ka ga ya daina ci, ya rame, ya mutu cikin 'yan watanni, ga mazansu da faɗa. Shuɗin gurami mai tabo da ɗan'uwansa ruwan zinari suna da ƙarfi, amma namijinsu idan ya girma yakan zama ɗan daba. Duk guramin da ka ɗauka, namiji ɗaya tak. Kuma dukkansu sukan taso su shaƙi iska a saman ruwa, saboda haka a rufe akwatin da murfi don iskar da ke tsakanin ruwa da murfi ta kasance da ɗumi a hunturu.

Kifin anjel fa? Kyakkyawa ne, kuma wanda ake sayarwa girmansa kamar na kwabo ne, shi ya sa ake yaudaruwa. Idan ya cika girma tsawonsa santimita 15 ne, tsayinsa daga fiffiken sama zuwa na ƙasa ya kai 20. Akwati mai tsayin 45 da ƙyar yake isarsa. Haɗa shi da niyon kuwa an ba kura ajiyar nama ne: ba za ka ga faɗa ba, ba za ka ga gawa ba, ƙirga ce kawai za ta riƙa raguwa duk safiya. Wanda ya nace sai anjel ya sa guda ɗaya, ko biyun da suka riga suka zaɓi juna, tare da rasbora manya da korido, ya haƙura da gurami.

Masu haihuwa

Gupi, filati, moli da mai jelar takobi ba ƙwai suke zubawa ba, 'ya'ya suke haifa. Su ne suka fi samuwa, kuma su ne yara suka fi so. Sharaɗinsu ruwa mai ma'adini. A ruwa mai laushi za ka ga moli yana tsaye wuri ɗaya yana kaɗa jiki kamar mai jin sanyi, gupi kuma jelarsa tana tsagewa. Idan ruwanka mai laushi ne amma ka fi son su, sa ɗan murjanin teku da aka farfasa ko ɓawon kawa a cikin matatar ruwan akwatin, zai riƙa narkewa a hankali yana ƙara ma'adini. Ka fara da cikin hannu ɗaya, ka auna bayan mako.

Babbar matsalarsu yawa. Macen gupi tana haihuwa kusan duk mako huɗu, kuma tana ajiye ruwan namiji a jikinta ta ci gaba da haihuwa wata da watanni ko an raba su. Ka fara da shida, kafin shekara ta zagayo kana neman wanda zai karɓa kyauta. Hanya biyu ce: ko dai maza zalla, 8 zuwa 10, waɗanda dama su ne masu launi, ko kuma kowane namiji ɗaya mata biyu zuwa uku, don kada a dami mace ɗaya da bi har ta galabaita. Tsakanin su huɗun, filati ya fi sauƙin zama da kowa. Moli ya fi girma, yana kai santimita 10, ya fi son ɗumi, kuma shi ya fi saurin kamuwa da ciwo idan ruwa ya sauya. Mai jelar takobi mazansa ba sa ga maciji da juna, kuma gwanin tsalle ne. Shawarar da ake bayarwa ta a riƙa zuba wa moli gishiri tana cin karo da korido da fileko mai goge gilashi, waɗanda ba sa son gishiri na dindindin.

Ba a haɗa gupi mai doguwar jela da taiga bab. Ba a haɗa shi da namijin beta, kifin nan mai faɗa, domin beta yana ganin jela mai launi sai ya ɗauka kishiya ce. Shi betan ma a akwatin jama'a caca ce: wani ya zauna lafiya da rasbora da korido, wani ya kashe duk abin da ya motsa. Maza biyu dai ba su taɓa zama tare.

Taiga bab ya cancanci a yi masa adalci. Ɗan Sumatra ne da Boniyo, santimita 6 zuwa 7, mai baƙaƙen ratsi huɗu, ƙarfi gare shi, kuma kallonsa ba ya gundura. Sunan mugunta da ya yi ya samo asali ne daga masu sayen uku ko huɗu. Idan sun kai 12, rigimarsu a tsakaninsu take ƙarewa. Amma ko da haka akwatin nasu ne: su 12, daniyo 8, fileko ɗaya irin wanda ba ya girma sosai, shi ke nan. Babu anjel, babu gurami, domin zaren da ke ƙirjin gurami shi za su fara tsinkewa. Mai son bab a cikin jama'a ya ɗauki ceri bab na Siri Lanka, santimita 5, namijinsa ja wur, kuma ba ruwansa da jelar kowa.

Masu zaman ƙasa

Korido ba mai shara ba ne, ko da mai shago ya ce maka haka. Ba ya cin kashin kifi, kuma idan aka bar shi da ragowar abinci kawai zai rame. Ana jefa masa ƙwayar abinci mai nutsewa bayan an kashe fitila. Yana da ɗan gashin baki irin na tarwaɗa da yake tono da shi, kuma tsakuwa mai kaifi ko ƙasa mai datti tana cinye wannan gashin. Yashin rafi mai laushi, wanda aka wanke har ruwansa ya fita tas, kaurin santimita 3 zuwa 4, shi ya dace da shi. Idan ka ga ya ruga sama ya haɗiyi iska ya dawo, ɗabi'arsa ce. Idan abin ya zama kowane minti, ruwan ne ya rasa iska. A akwatin ɗumi mai launin tagulla ko zabiyansa ake sawa, shida zuwa takwas.

Fileko kuma a yi hattara. Wanda aka fi sayarwa da sunan mai goge gilashi yana kai santimita 40 zuwa 50, kuma dattin da yake yi ya fi wanda yake gogewa. Wanda ya dace shi ne ansistiros, mai gemu-gemu a hanci, wanda ke tsayawa a 12 zuwa 13. Guda ɗaya ya isa. Yana buƙatar kututturen itace da aka tafasa ya jiƙu, da yankan kokwamba ko kabewa sau biyu a mako, a cire ragowar washegari. A jerin kifin da ake sayarwa ƙanana su zama dodanni akwai oska, da bala shak, da fangasiyos wanda a kogi yake wuce mita ɗaya. Haka 'ya'yan tarwaɗa da karfasa da yara ke kawowa daga rafi: wata biyu tarwaɗa za ta share akwatin.

'Yan gida

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne wasu daga cikin kifin da ake ji da su a Turai daga Najeriya suka fita. Kiribensis, mai jan ciki, asalinsa kogunan kudancin Najeriya ne da gaɓar Kamaru. Namiji yana kai santimita 10, mace ta fi gajarta, ta fi launi. Biyu, mace da namiji, suna zama lafiya a lita 140 idan an ba su kogo, ko rabin kwakwa da aka huda ko ɗan kaskon ƙasa a kife. Sai dai ranar da suka yi ƙwai rabin ƙasan akwatin ya zama nasu, kuma korido, da yake ba ya gane iyaka, shi ke shan duka, har ido yakan rasa. Saboda haka a zaɓi ɗaya: ko kiribensis ko korido. Abokan zamansa na sama ne, daniyo ko rasbora ko ceri bab.

Akwai kuma gadneri, ɗan kifi mai santimita 6, shuɗi-kore da jajayen ɗigo, na yankin Binuwai da Kuros Riba. Masu kiwonsa a ƙasashen waje suna kiran kowane iri da sunan inda aka samo shi, kuma a cikin sunayen akwai Makurɗi, akwai Jos Filato. Yana jure digiri 20 zuwa 26. Namiji ɗaya da mata biyu ko uku ake sawa, yana zama da korido da rasbora, amma yana cin 'ya'yan kifi, yana kuma far wa namijin gupi. Murfi dole ne, domin ramin da wayar hita ta bi ma ya ishe shi fita.

Yadda ake zuba su

Ko rukuni ya dace, zuba su rana ɗaya yana kashe su. Kashin kifi da numfashinsa suna fitar da amoniya, guba ce. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zama a soson matata ne ke mayar da ita nitirayit, ita ma guba, wasu kuma su mayar da ita nitiret, wadda ake ragewa da canjin ruwa. Kafin waɗannan ƙwayoyi su yi yawa ana ɗaukar mako huɗu zuwa shida, a sanyi ma ya fi haka. Ana kunna matata, a riƙa barbaɗa ɗan abincin kifi kullum a akwatin da babu kowa, a riƙa aunawa, sai amoniya da nitirayit sun koma sifili. Wanda ya samu tsohon soso daga akwatin wani mai lafiya ya rage kwanakin. Matatar ta riƙa juya ruwa ninki huɗu zuwa shida a awa, wato kimanin lita 600 zuwa 800.

Daga nan sai garken da ya fi ƙashi ya fara shiga, daniyo ko rasbora ko filati, shida zuwa takwas. Bayan mako biyu a ƙara na gaba. Korido su biyo baya, ansistiros sai gansakuka ta fara fitowa, mai son mallakar wuri kuma, gurami ko anjel ko kiribensis, shi ne na ƙarshe, don ya tarar da kowa ya riga ya zauna. Kowace leda a ɗora ta a saman ruwa minti 15 zuwa 20, a riƙa ƙara mata ruwan akwati kaɗan-kaɗan, sannan a kwashe kifin da 'yar koma, ruwan shago a zubar. Sabon kifi in da hali ya yi mako biyu zuwa huɗu a wani ƙaramin akwati ko roba mai famfon iska kafin ya shiga cikin jama'a. Canjin ruwa kashi ɗaya cikin huɗu ne duk mako, kimanin lita 35, kuma a hunturu a surka shi da ruwan zafi ya yi daidai da na akwatin. Soso da ruwan da aka ɗebo daga akwatin ake wanke shi, ruwan famfo yana kashe ƙwayoyin.

Ruwa ba ya tsami banza, kifi ma ba ya ɓuya banza. Wanda ya koma bayan matata, launinsa ya dushe, ba ya fitowa cin abinci, akwai mai takura masa. Zauna nesa da akwatin minti goma bayan an ba su abinci, da kuma bayan an kashe fitila, za ka ga mai laifin. Jelar da aka ciza gutsurarriya ce, bakinta tsaf, dare ɗaya take faruwa. Wadda ta ruɓe saboda dattin ruwa bakinta fari ne ko baƙi, a hankali take cinyewa. Ta farko sauya wurin duwatsu da ƙara shuka yakan rage ta, in bai yi ba a raba su. Ta biyu canjin ruwa take so kafin magani.

Daren da aka ɗauke wuta cikin hunturu, a lulluɓe akwatin da bargo, a cika gora biyu da ruwan ɗumi a rufe a bar su suna yawo a ciki, kada a ba da abinci. Famfon iska mai aiki da fawa bank wuta kaɗan kawai yake ci, kuma idan an haɗa shi da matatar soso yana riƙe iska da ƙwayoyin bakteriya har gari ya waye. Matata irin ta gwangwani da ta yi awa shida ko fiye a kashe kuwa, a buɗe ta a zubar da ruwan cikinta kafin a sake kunnawa, domin ruwan da ya kwana a rufe babu iska shi zai fara kwarara cikin akwatin.